Sanarwar da Ba a Buga Ba

Tsohuwar ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta jera su gefe guda, ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa. Ba ta dubi Zuhura ba. Ordinatar, wato kwamfutar da ke kan tebur, ta zuba wa ido, irin kallon da ake yi wa malami idan an tarar da shi yana lazimi, ana jira ya shafa.

"Shi ne wanga?" ta tambaya.

"Wa, Inna?"

"Mai neman nan. Wanda ya gano raƙumar Jimrau."

Zuhura ta yi dariya, ta ture takardun da ke gabanta. Shekararta shida tana aikin sakatariya a wannan ƙaramin gidan rediyon al'umma da ke Dakoro. Ta ga masu zuwa iri-iri, balle ranar kasuwa irin ta yau, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zo gaida na'ura ba. Ta jawo kujera, tsohuwar ta ƙi. Sai ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mata ruwan randa a moɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida da dabbobi da yadda kaka ta yi. Sunanta Uwale. Daga wani ƙauye can bayan Azagor ta fito, tun da sassafe, a bayan motar 'yan kasuwa, tsakanin tumakin sayarwa, ga gwiwa da ciwo.

To, bari a faɗi ko wane ne wannan mai nema, kada a ɗauka wani boka aka ajiye a biro, wato ofis.

Gidan rediyon yana da ordinatar uku, an haɗa su da waya a tsakaninsu, abin da aka ajiye a ɗaya ana ganinsa a sauran. Sanarwar da aka kawo Zuhura ce ke buga ta kafin a karanta: cigiyar dabba, ɗaurin aure, suna, taron manoma, gaisuwar 'yan ci-rani. Shekara da shekaru abin ya taru har ya fi ƙarfin mai shi. In mutum ya zo yana son a duba masa wata tsohuwar sanarwa, sai Zuhura ta wuni tana buɗe wannan tana rufe wancan, idonta ya yi ja, wani lokaci ma a tashi ba a samu ba. Sai Attaher, mai kula da na'urorin gidan a wancan lokaci, ya samo wani lojisiyel, wato manhaja, a intanet. Kyauta ake bayar da shi, irin wanda kamfanoni ke sa wa cikin ordinatocinsu na cikin gida, da masu ɗan shafin kansu, don neman abin da suka ajiye. Aikinsa ɗaya ne tak. Kowace safiya, da an kunna, sai ya zaga cikin takardun nan kaf, ya karanta kowace kalma, ya riƙe inda ya gan ta. Kai kuma ga wani ɗan farin gurbi, ka rubuta abin da kake nema, kafin ka ɗauke yatsa ya jero maka. 'Yan gidan suka sa masa suna Bi-sawu. Daga baya Attaher ya samu aiki a Maradi ya tafi, Bi-sawu ya zauna.

Batun raƙumar kuwa gaskiya ne. Jimrau, maƙwabcin Uwale, ya zo cigiyar farar raƙumarsa mai tsagaggen kunne. Zuhura ta rubuta kamanninta, sai ga wata sanarwa ta wata biyu baya, daga Sabon Maci, wani manomi yana neman mai ita ya zo ya kama abarsa kafin ta ƙarar masa da harawa. Jimrau ya koma gida a kan raƙumarsa yana ba da labari a kowace rijiya, yana ƙara masa gishiri.

"Ya ce ba abin da ke ɓace mishi," in ji Uwale.

"Haka ne, Inna. In dai ta gidan nan ya bi, ko na shekara biyar ne zai fiddo shi." Zuhura ta faɗi haka da 'yar taƙama, don ita ma tana ji da shi. "Mi ya ɓace miki?"

Uwale ta ajiye moɗar a hankali.

"Yaron wajena ne. Na farin."

Shekara biyu ke nan da ya tafi Jado haƙar zinariya. Da yana bugo waya, ta wajen mai shagon garinsu, ko sau ɗaya ne a wata. Tun daga babbar salla aka ji shiru. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi, shiru. Sai kwanan baya a bakin rijiya wata mata ta ce mijinta ya je kasuwar Kornaka farkon damina, yana zaune wajen mai shayi, ya ji rediyon nan na karanta sunayen waɗanda rami ya rufta da su, kuma kamar ya ji an ambaci ɗan Uwale. Kamar. Lokacin hankalinsa na kan cinikin bijimi, bai saurara da kyau ba, kuma tsoro ya hana shi faɗa sai yanzu.

"Magana ta cika gari, ɗiyata. Matarsa Rahma na nan ɗakina da 'ya'ya biyu. Iyayenta sun aiko. Sun ce in gaskiya ne, ta shiga takaba, kada ta zauna tana sa kwalli miji na ƙasa. In ba gaskiya ba ne, a faɗa musu su san abin da suke ciki. Ita kuwa ta daina cin abinci. Na ce musu ku dakata, inda magana ta fito can zan je in tambayo. Motarmu bayan la'asar za ta juya. Ba ni komawa hannu rabbana."

Zuhura ta gyara zama, ta ɗora yatsu kan maɓallai.

"Mi sunansa, Inna?"

Uwale ta sunkuyar da kai, ta shiga gyara bakin zanenta da ba abin da ya same shi. Nan take Zuhura ta ji kunya ta rufe ta. Ita ma 'yar gida ce, ta san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tata uwar har yau ba ta taɓa kiran sunan yayansu ba, sai dai ta ce "wancan", ko "mai babur".

"Shi ba ya gane mutum sai an faɗa mishi suna?" Uwale ta tambaya, kanta na ƙasa.

"Sai da suna."

"Ce mishi dogo ne, baƙi, mai wushirya. Ƙaramin yatsansa na hagu igiyar guga ta guntule shi tun yana yaro."

"Ba ya ganin mutum, Inna. Rubutu kawai yake gani."

Daga waje ana jin amalanken jakuna na wucewa zuwa kasuwa, wani mai lasifika yana tallar maganin basir. Can Uwale ta yi gyaran murya.

"Kin san Annabi Yusufu?"

"Na sani."

"To, babansa."

"Yakubu," Zuhura ta faɗa a hankali. Uwale ta juya fuska wajen bango, ta bar sunan ya wuce ta bayanta.

Bi-sawu bai ɓata lokaci ba. Ya jero Yakubu arba'in da bakwai. Akwai Yakubun da jakinsa ya ɓace, da Yakubun da ke aurar da 'ya, da wanda aka yi wa haihuwa har sau biyu a shekara ɗaya, da wani Yakubu mai faci da ke sanar da ya koma kusa da tasha. Zuhura ta ƙara da Jado. Suka ragu zuwa uku. Ta ƙara da Azagor. Saura ɗaya. Ta buɗe, ta karanta wa kanta tukuna, sannan ta saki numfashi ta karanta a fili:

"Yakubu ɗan Uwale, daga Jado, yana gaida mahaifiyarsa da mai ɗakinsa Rahma da yara a can bayan Azagor. Yana yi musu barka da kaka. Ya ce yana nan lafiya, kuma don Allah kada a sayar da jar akuya, a bar ta ta haihu."

Uwale ta toshe baki da hannu. Dariya ce ta fara zuwa, hawaye suka biyo ta.

"Shi ne! Walle shi ne. Shi da akuyar nan kamar tare aka haife su. An sayar da ita tuni, ya zo ya yi faɗansa." Ta matso har gwiwarta na taɓa ƙafar tebur. "Ba mu taɓa jin wagga gaisuwa ba. Yaushe ya aiko?"

"Ta bara ce, Inna. Bara warhaka."

"Bara." Ta maimaita kalmar, ta ja da baya kaɗan. "To, sake karanta mini."

Sau uku Zuhura ta karanta. Sannan Uwale ta share fuska da gefen mayafi, ta daidaita zama kamar wadda za a yi wa allura.

"Yanzu tambaye shi ɗayar maganar."

Zuhura ta rubuta Yakubu, ta ƙara da rasuwa. Babu. Ta canza, ta sa rami. Babu. Ta sa jana'iza, ta sa ta'aziyya. Babu. Har ta buɗe baki za ta yi albishir, sai wani abu ya riƙe mata harshe. Ta goge sunan, ta bar rasuwa ita kaɗai, ta danna.

Babu ko ɗaya.

A ƙasar da ba a mako ba a kai wani ba, a gidan rediyon da kullum bayan azahar ake karanta sanarwar rasuwa, Bi-sawu bai san mutum ɗaya da ya mutu ba. Zuhura ta dubi yatsunta. Shekara shida suna buga aure da suna da ɓataccen jaki, ba su taɓa buga mutuwa ba. Ta san da haka, ba wai ba ta sani ba. Abin ne ya zama jiki har ta daina ganinsa, kamar tsagar bangon ɗakin da ake kwana ciki.

"Ina zuwa, Inna," ta ce. "Bari ya ɗan huta."

Ta tarar da Ɗangoggo a gindin itacen bedin tsakar gida yana fifita gawayin shayi. Shi ne mai karanta sanarwa, kuma ya girmi gidan rediyon nesa ba kusa ba. Kafin a san da lasifika shi ke yin shela a kasuwar Dakoro da bakinsa, ana jin sa tun daga kara har rumfar masu gishiri. Yanzu haƙora sun ragu, amma muryar na nan.

"Madam ordinatar! Yau kin tuna da tsohon mijinki? Ko aljaninku ya ƙi cin turare?"

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya dube ta, ya ajiye maficin. Ta tsuguna ta faɗa masa kome, ta rage murya don tagar biron a buɗe take.

"Ina takardun rasuwa na farkon damina?"

"Kin san inda suke."

Ta sani. Tun ranar da aka buɗe gidan, takardar rasuwa ba ta bi ta tebur. Hannun Ɗangoggo ake ba, ya shiga ya karanta, ya soke ta a wata doguwar ƙusa da ke bayan ƙofar ɗakin magana. In ta cika kwana arba'in sai ya zare ta, ya kai bayan gida ya binne. Attaher ya taɓa yin rigima da shi a kan haka, darektan gidan rediyon ya ce a ƙyale tsoho da abinsa.

"Da ka bari ina bugawa, Baba, da yanzu..."

"Da na bari mi? Mutum ya mutu da hantsi, za a kai shi da la'asar, in zauna jiran kuran, wutar lantarki, ya dawo ki buga? Kuma kowace takarda da sunan Allah take farawa. In sa ta akwati ɗaya da jakin wane da tallar mai faci? In ta lalace a ciki ki goge ta da yatsa kamar ƙazanta?" Ya girgiza kai. "Ni ban iya ba. Mamaci ƙasa ake ba, takardarsa ma haka."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Zuhura ta san mutane nawa ne ke tahowa daga nesa musamman don shi suke so ya karanta nasu, saboda yadda yake rage murya in ya zo kan sunan, kamar ya san mai shi.

"To, ka tuna? Masu rami. Bayan babbar salla."

Ɗangoggo ya rufe ido. Shayin ya tafaso ya zube kan gawayi, bai kula ba.

"Wani direba ne ya kawo, motar arewa, wucewa yake. Ban san shi ba, ban kuma ganinsa ba. Mutum huɗu ne. Akwai Sa'adu, wannan na riƙe don sunan ƙanena ne. Akwai Mohamed."

"Yakubu fa?"

"Kamar akwai."

"Na ina?"

"Ɗaya dai an ce na wajen Kornaka ne. Ko Yakubun ne, ko Sa'adun." Ya buɗe ido, sun kaɗa. "Ɗiyata, tun daga ranar nan na karanta sun fi ɗari biyu. In na ce miki na tuna, na yi wa matar mutane ƙarya. In na ce babu, ita ma ƙarya ce."

Zuhura ta koma gefe ta kira Attaher. Sai da ta kira sau uku rezon waya ya kama. Tana jin ƙarar babura a bayansa. Ta tambaye shi ko ba a ajiye muryar shirye-shirye.

"Ana ajiyewa, amma wata ɗaya ne. In wuri ya cika sabo ke hawa kan tsoho. Ba na faɗa muku a sayi babban ma'aji ba?"

"Shi Bi-sawu ba yadda za a yi ya..."

"Zuhura, lojisiyel ɗin ba shi da laifi. Abin da kuka ba shi yake nema. Abin da ba ku ba shi ba, ko shekara zai yi yana zagaye ba ya ganinsa. Wa ya rasu?"

"Shi ne ba mu sani ba," ta ce, ta kashe.

Da ta juyo, Ɗangoggo ba ya gindin bedi. Ta same shi a bayan gida, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, yana riƙe da wata tsohuwar hauya. Wuri ne ɗan kaɗan tsakanin katanga da bango, ya kewaye shi da duwatsu don kada a taka. Ya yi bisimilla ya fara tono. Shekara goma sha wani abu yana binnewa a nan, yau ce rana ta farko da ya tona.

Damina guda ta bi ta kan wurin, kuma bana an yi ruwa. Ƙasar ta fito baƙa, da laushi, gara na ta guje-guje a ciki. Can ƙasa hauyar ta ɗago wani dunƙule kamar tsohon tuwo. Zuhura ta durƙusa ta sa hannu. Ta yi ƙoƙarin ɓare shi, yana marmashewa. Ta samu wani ɗan yanki da layin littafin 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, bai gama gogewa ba, tawadar ta bazu ta zama shuɗin tabo. Ta ɗaga shi wajen rana, ta juya shi, ta kuma juyawa.

"Bari hakanan," in ji Ɗangoggo, yana haki. "Mayar."

Ta mayar. Ya tura ƙasa ya rufe, ya daddanna da tafin hannu, ya daɗe a tsugune.

"In zo in yi mata magana?" ya tambaya.

"Ka ce mata mi, Baba?"

Ladan ya kira azahar, Ɗangoggo ya tashi da ƙyar ya nufi buta.

Zuhura ta wanke hannu, amma baƙar ƙasar ta ƙi fita daga ƙarƙashin farcenta. Da ta shiga biro ta tarar Uwale ta yi salla a kan tabarmar, tana zaune tana jan carbi, ta ɗan juya wa ordinatar gefe don kada ta ba shi baya.

"Ya huta?" ta tambaya.

"Ya huta."

"Mi ya ce?"

Zuhura ta zauna, ba a kujera ba, a bakin tabarmar. Tun daga bayan gida take shirya magana, da ta zo bakinta duk ta watse.

"Bai ga sanarwar rasuwarsa ba, Inna."

"Alhamdu lillahi." Uwale ta ɗaga hannu biyu. "Alhamdu lillahi. Na san..."

"Tsaya, Inna. Don Allah tsaya." Zuhura ta matso kusa da ita. "Ɗazu na faɗa miki abin da ba haka yake ba. Ba kome yake gani ba. Takardun rasuwa ba a ba shi su. Ko ɗaya. Ba ta ɗanki kaɗai ba, ta kowa. Ko da an karanta, ba zai sani ba."

Hannayen Uwale suka sauko a hankali suka kwanta kan cinyarta.

"Ina ake kai su?"

"Binnewa ake. Mun tona yanzu. Ruwa ya cinye."

"Wanda ya karanta fa? Yana da rai?"

"Yana nan. Ya ce mutum huɗu ne. Ya ce kamar akwai mai irin sunan, amma bai san ko na wane gari ba ne."

"Kamar," in ji Uwale. "Shi ma kamar."

Ta daɗe tana duban tabarma. Zuhura ta so ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta zage ta a kan wahalar mota da ta sha a banza. Ba ta yi ko ɗaya ba. Carbin ne kawai ya tsaya a hannunta. Ta cikin bango aka ji muryar Ɗangoggo ta fara fita, ya buɗe shirin sanarwa, yau a dushe take.

"Zuhura kike ko?"

"I, Inna."

"To, Zuhura. Shi ya ce bai gani ba. Ke kin ce ba ki sani ba. Wanne zan kai wa yarinyar nan?"

"Ana iya sa cigiya. Direbobin arewa na saurare, wataƙila wani..."

"Sa. Ba na hana ki ba. Amma yau fa? In na sauka mota za ta tarye ni tun daga bakin gari, da goyo a baya. In ce mata ta shiga takaba a kan kamar? In ya dawo ya tarar mun yi mishi sadakar arba'in fa? In kuma na ce ta zauna, alhali yana ƙasa tun farkon damina, ba wanda ya yi mishi ko ƙulhuwallahu, alhakin a wuyan wa?"

Zuhura ta dubi gilashin ordinatar. Ɗan farin gurbin na nan, ɗan layin cikinsa na ƙiftawa, yana jiran a ba shi wata kalma. Ta laluba kanta kaf, ba ta samu wadda za ta ba shi ba.

Uwale ta sa carbin a wuya.

"Nashi zan kai," ta ce. "Naki ya yi mini nauyi, ba ni iya hawa mota da shi. Fiddo mini gaisuwar nan a takarda."

Zuhura ta tashi ta danna. Injin bugawa ya yi 'yan ƙugi-ƙuginsa ya turo takardar da ɗumi. Uwale ta karɓa da hannu biyu. Ta riƙe ta a juye, Zuhura ta gyara mata. Ta bi layukan da yatsa, ba ta san ko ɗaya ba.

"Ina wajen akuyar?"

Zuhura ta nuna mata.

"Ina inda aka ce yana nan lafiya?"

Ta nuna mata.

"To, ina inda aka ce ta bara ce?"

Zuhura ta dubi takardar. Sannan ta ɗora yatsa a kusurwar sama, hannun dama, inda kwanan wata yake.

Uwale ta ninke kusurwar, ta bi ninkin da farce sau biyu, ta ɗan lasa, ta yage shi a hankali, tsaf, bai taɓa ko harafi ɗaya na gaisuwar ba. Ta kamo hannun Zuhura, ta buɗe tafin, ta sa mata guntun a ciki, ta rufe mata yatsu.

"Riƙe wanga wajenki. Mushe, malamin lakwal ɗinmu, za su kai wa ya karanta, shi kuwa ba ya tsallake kome."

"Inna..."

"Na sani, ɗiyata. Na sani."

Ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin zane, ta dafa bango ta miƙe, gwiwar na ƙara. A bakin ƙofa ta sa takalmanta, ta waiwayo ta yi wa ordinatar sallama, sannan ta yi wa Zuhura. Ta bi hanyar tasha tana ɗingishi, ta shige cikin 'yan kasuwa.

Zuhura ta tsaya a tsakiyar biron, hannunta a dunƙule. Ta dubi kwandon shara, ta dubi aljihun tebur. Wani mutum ya yi sallama a ƙofa, ya ce tunkiyarsa ce ta ɓace, an ce a nan ake nema.

"Shigo," ta ce. Ta zauna, ta jawo maɓallan da hannu ɗaya.